Taro Ya Tashi, Wa Ya Rubuta Abin da Aka Yanke?

Da wuya rana ta fito ta faɗi a arewacin Kaduna ba a zauna taro a kan wani aiki mai cin kuɗin jama'a ba. Idan ba kwamitin masallaci ne ke shawarar ɗora bene a Unguwar Dosa ba, to ƙungiyar unguwa ce a Hayin Banki ke karo-karon yashe magudanar ruwa kafin damina, ko kwamitin makarantar firamare a Badarawa na lissafin kujeru da rufin ajin da iska ta yaye, ko kuma injiniyoyi da ɗan kwangila sun tsaya a gefen titi a Kawo suna nuna wa juna inda kwalbati zai zauna. Ana buɗewa da addu'a, a yi ta bayani, wani lokaci har murya ta ɗaga, a ƙarshe a ce an cimma matsaya, a shafa fatiha a watse. Bayan mako uku sai a ji shugaba na cewa an amince a sayi siminti buhu ɗari, ma'aji na cewa shi hamsin ya ji, wani dattijo kuma na rantsuwa cewa an ɗage maganar ne sai an ji farashi. Sau da yawa babu maƙaryaci ko ɗaya a cikinsu. Kowa ya fita ne da abin da kunnensa ya kama, kuma babu takardar da za a koma wa ta raba gardama. Ra'ayina shi ne, wannan takarda da 'yan ƙungiya ke kira minit, wadda ake bar wa ƙaramin yaro a taro ko a manta da ita gaba ɗaya, tana cikin kayan aiki kamar yadda rodi da yashi suke, kuma aikin da ba shi da ita yana tafiya ne a kan sa'a.

Kada a ɗauka ana nufin rubuta duk abin da kowa ya furta. Wancan aikin masu ɗaukar muhawarar majalisa ne, kuma kwamitin rijiyar burtsatse ba ya bukatarsa. Minit mai amfani gajere ne. Yana faɗin ranar zama da waɗanda suka halarta, ya kawo kowace magana da aka tattauna a layi biyu ko uku, sa'an nan ya tsaya sosai a kan abin da aka yanke: me za a yi, wa zai yi, da kuɗi nawa, zuwa yaushe. Idan akwai dalilin da ya sa aka zaɓi wannan hanya aka bar waccan, ya ambace shi, domin bayan shekara guda dalilin ne ake fara mantawa. Shafi ɗaya ya isa mafi yawan tarukanmu.

Akwai wani abu a harshenmu da ya sa muka fi wasu bukatar wannan shafi. Hausa tana da hanyar yin magana ba tare da nuna mai aikin ba, kuma mun gwanance a kanta: za a duba, a je a ga kansila, ya kamata a tuntuɓi mai unguwa, an ce a kawo takardar fili. Ladabi ne ya haifi wannan salo, domin ba a son a nuna babba da yatsa a ce masa kai za ka je, kuma a zaure ko gaban surukai yana da kyau matuƙa. Amma a wajen aiki, wannan ƙaramin harafi na "a" shi ne ramin da alƙawura ke faɗawa. Mutum goma sha biyu sun ji an ce a je a ga kansila, kowannensu ya tashi da yaƙinin cewa wani ne zai je. Mai rubuta minit kaɗai ne yake da hujjar katse wannan ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba, domin alƙalaminsa ba zai iya wucewa ba sai ya ɗaga kai ya ce, ranka ya daɗe, sunan wa zan sa? A wannan lokacin ne magana take komawa alƙawari. Mun san alƙawari kaya ne, to kaya kuwa sai an ɗora wa wani a kansa yake tafiya. Haka nan kalmomin lokaci: nan ba da jimawa ba, bayan salla, idan an kwana biyu. Bayan salla na iya zama kwana uku, yana iya zama wata uku. Takarda ba ta karɓar wannan, kwanan wata take so. Amfanin minit na farko, tun kafin kowa ya karanta shi, shi ne yadda yake tilasta wa masu taro su gama tunaninsu kafin su miƙe.

Abin da ke ƙara mini damuwa shi ne a Kaduna ake wannan sakaci, garin da takarda ta gina. Tun da aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, babbar sana'ar wannan gefen kogin Kaduna ita ce fayil. A titin Yakubu Gowon akwai reshen Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, inda fayilolin ofishin Sakataren Lardunan Arewa da na larduna irin su Kano da Zariya da Sakkwato suke ajiye, kowanne da shafukan da jami'ai suka riƙa rubuta ra'ayinsu ɗaya bayan ɗaya har a kai ga mai yanke hukunci. A titin Rabah kuma akwai Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna Ahmadu Bello, wanda tun 1970 ya zama cibiyar adana takardu da binciken tarihi. Mun san cewa a watan Agustan 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Wakilan Arewa a nan Kaduna ya nemi a binciki tsarin mulkin En'e, mun kuma san hujjojin da ya kawo, saboda akwai masu alƙalami a zauren. Turawan mulki don amfanin kansu suka tara waɗannan takardu, babu mai musun haka. Duk da haka, da marigayi masanin tarihi Mahmud Modibbo Tukur ya tashi fallasa yadda aka ci Arewa da ƙarfin bindiga da yadda aka tatsi talakawa da haraji, a cikin fayilolin Turawan nan ya samo shaidarsa. Rubutu yakan ba da shaida ko a kan wanda ya rubuta shi. Ɗalibin tarihi a yau zai iya gano dalilin da ya sa aka bi da wata hanya ta wani ƙauye shekara tamanin da suka wuce, amma mazaunin Malali ba lalle ne ya iya gano dalilin da ya sa aka sauya faɗin kwatar ƙofar gidansa bara ba.

Wasu za su ce ai wannan ɗabi'ar Nasara ce da boko ya shigo mana da ita, mu mutanen baki ne da amana. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba, ta kowane ɓangare aka duba. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ta yi maganar marubuci mai adalci da shaidu, kuma da muminai take magana, mutanen da suka fi mu riƙon amana. Kotunan alƙalai suna da muhuti mai rubuta shari'a. Gidan Wazirin Sakkwato ya adana wasiƙun da suka riƙa kai da kawowa tsakanin Sakkwato da masarautu, kuma a kansu ne aka gina yawancin abin da aka sani a yau game da yadda aka tafiyar da Daular. Kalmar magatakarda ma tamu ce, ba daga Turawa muka aro ta ba. Su kuwa Turawan da ake jingina wa abin, ba da shi aka haife su ba. Har zuwa watan Disamban 1916 majalisar ministocin Birtaniya ba ta da magatakarda, ba ta kuma ajiye minit. Abin da ake rubutawa kawai shi ne wasiƙar da Firayim Minista ke aika wa sarki, har takan kai ministoci su fito daga zama suna tambayar juna me aka yanke. Sai da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya matsa, ruɗani ya fara cin rayuka, Firayim Minista Lloyd George ya kafa ofishin sakataren majalisar ya ɗora Maurice Hankey a kai. Wahala ce ta koya musu, kuma shekara ɗaya tal ke tsakanin wannan darasi da kafuwar Kaduna a matsayin hedikwata.

A wajen gini ne ake ganin tsadar magana marar rubutu ƙuru-ƙuru. Bisa al'adar wannan sana'a, akan yi zaman filin aiki lokaci zuwa lokaci, inda mai aiki da injiniya mai sa ido da mai ƙididdigar kaya da ɗan kwangila ke haɗuwa su duba inda aka kwana. A irin wannan zama ne ake samun sauyi: an haƙa an tarar da dutse, an ga ruwa na bi ta inda zane bai nuna ba, ko mai aiki ya ce a ƙara ɗaki. Kowane sauyi kuɗi ne da lokaci, shi ya sa sharuɗɗan kwangila da aka saba amfani da su ke neman duk umarnin da aka bayar da baki a tabbatar da shi a rubuce. Idan ba a yi ba, ranar biya sai a ce wa ɗan kwangila wa ya sa ka. Babban kamfani yana da lauyoyi da ofishin da ke bin kowace magana da wasiƙa, don haka ba ya asara. Wanda ke shiga uku shi ne ƙaramin ɗan kwangila da ya ji kunyar ce wa babban mutum rubuta mini, kuma a bayansa akwai birkila da kafinta da lebura masu jiran kuɗin mako. Tun da aka janye tallafin man fetur aka kuma saki darajar naira a 2023, farashin siminti da rodi kan sauya tsakanin zama da zama, saboda haka ranar da aka ce a saya da ranar da aka saki kuɗi sun zama abin da ke raba riba da karyewa. Kuɗin da ake bayarwa a fara aiki muna kiransa kafin alƙalami, wato harshenmu da kansa ya ɗauka cewa alƙalami na tafe. A ayyuka da yawa kuɗin kan fita, alƙalamin kuma ba ya zuwa.

Sai kuma maganar tsawon rai. Aiki yakan fi waɗanda suka fara shi daɗewa. Hanyar da za ta kewaye Kaduna ta gabas, tun 2002 aka ba da kwangilarta, an yi shugabannin ƙasa da ministoci da injiniyoyi nawa a kanta tun daga lokacin. Kwamitin da Ibrahim Bunu ya shugabanta ya miƙa wa gwamnatin tarayya rahoto a 2011 cewa akwai ayyukanta 11,886 da ba a kammala ba a faɗin ƙasa. Ba zan ce rashin minit ne ya jawo wannan ba. Rashin sakin kuɗi da son zuciya da siyasa sun fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Abin da nake cewa shi ne, duk lokacin da aka canza jami'i ko aka yi sabon shugaban ƙaramar hukuma ko sabon kwamiti, wanda ya gaji kujera yana gadon gini rabi da rabi, kuma idan bai gaji dalilan da suka kai shi haka ba, zai sake taron da aka riga aka yi, ya sake kuskuren da aka riga aka biya kuɗinsa. Idan kuma rigima ta tashi, takarda ce alƙali. A 2024 Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ta kafa kwamitin bincike a kan basussuka da kwangilolin gwamnatin da ta gabata, ta fitar da rahoto mai ɗauke da zarge-zarge, tsohon gwamna Nasir El-Rufai ya musanta ya kuma garzaya kotu. Ko wane ɓangare mutum yake goyon baya, dole ya yarda cewa abin da zai wanke mai gaskiya ko ya kama mai laifi a irin wannan taƙaddama shi ne rubutun da ya nuna wane zama ne ya amince da me, kuma su wa suka halarta.

Amma ni damuwata ta fi karkata ga ƙananan kwamitoci, domin yanzu kuɗi na gaske na bi ta hannunsu. Makarantun gwamnati suna da kwamitocin gudanarwa na iyaye da malamai da shugabannin unguwa, kuma a ƙarƙashin shirin AGILE na ilimin 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 Kaduna na cikin jihohi bakwai na farko, irin waɗannan kwamitoci ne ke karɓar tallafin gyaran makaranta. A fannin lafiya, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun da ke aika kuɗi kai tsaye ga ƙananan asibitoci, kwamitocin ci gaban gunduma kuma suna da ta cewa a kan yadda ake kashe su. Jihar tana da gundumomi 255. Ga masallatai da islamiyyu da majami'u da ƙungiyoyin 'yan kasuwa masu gini da kuɗin sadaka da karo-karo. A duk waɗannan wurare kalma ɗaya ce ke rusa aiki: an ci kuɗi. Da zarar ta fita, magana zarar bunu, masu bayarwa sun janye hannu, aiki ya tsaya a linta. Wani lokaci an ci ɗin da gaske. Wani lokaci kuwa ma'aji mutumin kirki ne da ya biya abin da aka ce ya biya, amma waɗanda suka ce masa sun manta, ko sun ga iska ta juya sun yi shiru. Mutum irin wannan zai kwashe shekaru ana nuna shi da baki a majalisar unguwa, 'ya'yansa na ji. Shafi ɗaya mai ɗauke da kwanan wata da sa hannun shugaba da ya ishe shi kariya. Idan mutanen kirki suka ga yadda aka shafa wa ɗan'uwansu kashin kaji, sai su ƙi karɓar muƙami, kujerar ta koma hannun wanda zargi bai dame shi ba.

A nan ne amsar masu cewa rubutu alamar rashin yarda ce take. Gaskiya ne idan ba a saba ba, ranar da wani ya fito da littafi za a dube shi kamar ya zargi dattawa. Shi ya sa ba a fara rubutu ranar da rigima ta ɓarke. Tun ran gini, tun ran zane: a zaman farko, lokacin da kowa ke dariya, ake naɗa magatakarda a sayi littafi, ya zama ƙa'idar da ba ta nufin kowa. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, balle maƙwabta goma da kuɗi a tsakaninsu. Zumuncin da ake tsoron takarda za ta ɓata, gardamar ka ce na ce ita ke kashe shi a zahiri. Akwai kuma waɗanda ba sa zaure kwata-kwata. Matan unguwa sukan ba da nasu kason na karo-karo, su ne kuma suka fi kowa sanin wahalar ruwa da layin awon ciki, amma da yawansu labarin taro suke ji a bakin miji ko ɗa, yadda ya ga dama ya kawo shi. Ma'aikacin da ke bakin aiki da ɗan kasuwar da ya yi tafiya su ma haka. Minit ne kaɗai hanyar da wanda bai halarta ba zai ji daidai abin da wanda ya halarta ya ji.

Masu waya a hannu suna da tasu hujjar: ai muna da dandalin WhatsApp, kuma ana iya naɗar sautin taron dukansa. Waya ta sauƙaƙa rarraba minit, wannan alheri ne, a ɗauki hoton shafin a tura wa kowa kafin a kwanta. Amma sautin sa'a biyu ba wanda zai saurara don neman minti ɗaya, kuma a cikinsa akwai shawarwari biyar masu karo da juna ba tare da an nuna wadda ta tsaya ba. Dandali kuwa kasuwa ce, matsaya kan nutse a tsakanin gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure, mai saƙo na iya gogewa, waya na iya ɓata. Na'ura na adana abin da aka faɗa, amma tace shi a fitar da abin da aka yanke aikin hankalin mutum ne.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan duk abin da na faɗa ita ce wannan: minit ma ana ƙirƙirarsa. Kowa ya san ana rubuta rahoton taron da ba a yi ba don a cika sharaɗin masu ba da tallafi, a bi mutane gida-gida su sa hannu. Kowa ya san shugaba mai wayo na iya kiran magatakarda gefe ya ce a gyara wannan layin. Idan haka ne, in ji masu wannan ra'ayi, takarda ta zama rigar da ɓarawo ke sawa ya fito fes, gara ma bakin da ba shi da hatimi. Ban raina wannan magana ba, domin minit na ƙarya ya fi rashin minit illa. Sai dai idan aka duba yadda ƙaryar ke samun shiga, kusan kullum ta ƙofa biyu ce. Ta farko ita ce jinkiri: a tashi taro ba a karanta komai ba, a rubuta bayan kwana goma a ɗakin mutum ɗaya. Ta biyu ita ce harshe: a yi taro da Hausa, a rubuta da Turancin da rabin mahalarta ba sa karantawa, su dangwala hannu a kan abin da ba su sani ba. Duka biyun suna da magani mai araha. Kafin addu'ar rufewa, magatakarda ya miƙe ya karanta matsayar da aka ɗauka ɗaya bayan ɗaya da babbar murya, da sunaye da kuɗi da ranaku, wanda ke da gyara ya yi a take, shugaba da wani daga cikin mahalarta su sa hannu a gaban kowa. Minti biyar ne. A rubuta da harshen da aka yi taron, da boko ko da ajami, duk wanda mutanen wurin suka fi karantawa, idan kuma zama ne na masu harsuna daban-daban kamar yadda aka saba a Kaduna, a karanta da harshen da kowa ya ji. Idan ofis ko masu tallafi na son na Turanci, a fassara musu, amma na asali ya zauna a wurin masu aiki. Littafin ya zama ɗinkakke mai lambar shafi, wanda idan an yage takarda za a gane. Wannan tsari ya amsa har da batun waɗanda ba su iya karatu ba, domin kunnensu ya zama shaida. Kuma ko rahoton ƙarya yana da rauninsa: yana ɗauke da suna da kwanan wata, ana iya kiran wanda aka ce ya halarta a tambaye shi. Ƙaryar baki ba ta barin ko wannan sawun.

Akwai masu tsoron cewa idan mutane sun san ana rubutawa za su kame bakinsu. Wannan na faruwa ne idan magatakarda ya mayar da kansa mai ɗaukar rahoton faɗa, yana rubuta wane ya ce wa wane kaza. Ba aikinsa ba ne. Zafin muhawara ya tsaya a zaure. Abu ɗaya da nake ganin wajibi ne a ba shi wuri shi ne saɓanin ra'ayi idan mai shi ya nema. Injiniyan da ya ce wannan tubali ba zai ɗauki bene ba aka rinjaye shi, yana da haƙƙin a rubuta cewa ya faɗa, kuma sanin za a rubuta kan sa masu rinjaye su sake tunani. Binciken da John Chilcot ya shugabanta a kan shigar Birtaniya yaƙin Iraƙi, wanda ya fito a 2016, ya soki yadda aka riƙa tattauna manyan al'amura a ƙananan zama ba tare da cikakken rubutu ba. Ƙasar da ta koyi darasin a 1916 ta sake yin sakaci da shi, aka kuma biya da tsada.

Doka ta riga ta yi nata ɓangaren a matakin tarayya. Dokar ba da kwangila ta 2007 ta wajabta wa hukumomi ajiye takardun kowace kwangila har shekara goma, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar nema a ba shi amsa cikin kwana bakwai, dokar kamfanoni kuma ta ɗauki minit mai sa hannun shugaban zama a matsayin shaida a gaban kotu. Jihar Kaduna tana da dokarta ta kwangila ta 2016, ta kuma shiga ƙawancen gwamnati a buɗe na duniya a 2018. Amma 'yancin neman takarda ba shi da amfani idan tun farko ba a rubuta ta ba, ko an rubuta ta yadda ba ta faɗin komai. Abin da ya rage mana shi ne darajar mai rubutun. A yawancin kwamitoci akan waiga a ce wa mafi ƙarancin shekaru kai ɗan boko ka riƙa rubutawa, yaron da ba zai iya ce wa shugaba ba haka aka yanke ba. Wannan kujera tana son mutum mai natsuwa wanda ake jin nauyinsa, kuma arewacin Kaduna cike yake da su: tsofaffin ma'aikatan gwamnati da malaman makaranta da suka yi ritaya, maza da mata, waɗanda suka shekara talatin suna wannan aiki a ofis, yanzu suna zaune a Unguwar Rimi da Unguwar Sarki da Kawo ba wanda ya neme su. Ƙaramar hukuma da manyan ƙungiyoyin addini masu hedikwata a garin nan za su iya haɗa su da matasan magatakardan kwamitoci na yini guda, ba sai an nemi tallafin kowa ba. Hukumomin da ke kafa allo a bakin aiki mai ɗauke da sunan ɗan kwangila su ƙara liƙa shafin matsayar zaman filin aiki na ƙarshe a jikinsa, da Hausa da Turanci, domin mai shagon da aka toshe wa ƙofa da tulin ƙasa ya san ranar da aka ce za a kwashe da sunan ofishin da ya ɗauki alƙawarin. Su kuma kwamitocin unguwa, kowane zama ya fara da buɗe littafi a shafin da ya gabata, a kira sunan duk wanda aka ɗora wa aiki, ya faɗa wa jama'a ko ya je wurin kansilan, da abin da kansilan ya ce.